Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kullutun Nono da Shirin Ɗaukar Ciki a Rano da Kibiya

Ga macen da aka kai ɗakin miji tana da shekara 16 ko 17 a Rurum, Saji, Tarai ko Durba, shekaru ashirin da za su biyo baya kusan duk na ciki da goyo ne. Wata tara tana ɗauke da ciki, shekara ɗaya da rabi ko biyu tana shayarwa, ta yaye, a yi 'yan watanni, wani cikin ya shiga. Wata ma ba ta kaiwa ga yaye, sai kwanika. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa, bisa matsakaicin lissafi, macen Arewa maso Yamma tana haihuwa fiye da sau shida a rayuwarta.

Wannan lissafi yana da wani ɓangare da ba a cika tattaunawa a kansa ba. A duk tsawon shekarun nan nonon mace ba ya hutawa: ko ciki ya kumbura shi, ko ruwa ya cika shi. In kullutu ya fito a ciki, hannu ba ya saurin jin sa, in ma an ji, amsa tana bakin kowa: "Ai ruwan nono ne ya kwanta, yaro zai tsotse shi." Lokacin da nono yake komawa yadda yake, ya yi laushi, likita ya taɓa ya gane abin da ya taɓa, shi ne ɗan tsakanin nan na yaye da sabon ciki, ko kafin aure ga budurwa. Ɗan taƙi ne, amma babu lokacin da ya kai shi daraja ga macen da ta san tana da kullutu. A cikinsa ya kamata a gano ko mene ne, tun ciki bai shiga ba.

Ba kowane kullutu ne daji ba

Tsoro ne ke rufe bakin mata da yawa. Da an ce kullutu, sai zuciya ta tafi kan sankara, daga nan ta tafi kan yanke nono. Alhali kusan 8 cikin kowane kullutu 10 da likitoci suka bincika ba daji ba ne, a wajen 'yan mata da ƙananan mata kuwa rabon ya fi haka.

Wanda aka fi gani ga 'yan shekara 15 zuwa 35 shi ne ƙarin da likitoci ke kira faiburo'adinoma. Yana da santsi da ɗan tauri, ba ya ciwo, in an danna shi sai ya sulale ƙarƙashin yatsa. Yawanci girmansa santimita 1 zuwa 3 ne, kuma da wuya ƙwarai ya rikiɗe ya zama daji. Akwai 'yar jakar ruwa da kan fito ga waɗanda suka haura 35, ta yi zafi gab da al'ada, ta lafa bayanta. Akwai gudaji-gudajin da mace kan ji a nonuwan biyu in jinin wata ya gabato, wanda aikin sinadaran jiki ne kawai. Mai shayarwa ma tana da nata: hanyar ruwan nono ta toshe, ruwan ya taru wuri ɗaya ya zama jaka, ko ƙwayoyin cuta su shiga ta tsagewar kan nono, ya kumbura, ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe ta, in an yi sakaci ya tara mugunya.

Na daji kamanninsa daban suke. Yakan yi tauri, gefensa ba santsi, ya manne wuri ɗaya ba ya motsi. Fatar wurin kan lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Kan nono kan shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini ba tare da an matsa ba. Kaluluwa kan fito a hammata. Babbar yaudararsa ita ce a farko ba ya ciwo, har mace ta ce, "Tunda ba ya damuna, bari in rabu da shi." Duk da waɗannan alamu, hannu kaɗai ba ya yanke hukunci, ko da kuwa hannun ƙwararren likita ne.

Dalilin taka-tsantsan yana cikin alƙaluma. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata fiye da dubu 32 suka kamu da sankarar mama a Najeriya, fiye da dubu 16 kuma ta kashe. Ita ce sankarar da ta fi yawa a ƙasar. Sannan a nan takan bayyana ga mata masu shekara 40 da 'yan kai, har da 'yan 30 da wani abu, ba kamar Turai ba inda ta fi kama waɗanda suka daina al'ada. A Rano da Kibiya mace mai shekara 38 ko 40 ba ta gama haihuwa ba. Shekarun haihuwa da shekarun hatsari sun shiga juna ke nan.

Abin da ciki ke yi wa kullutu

Daga makonnin farko na ciki, sinadaran da ke shirya nono don shayarwa sukan hauhawa. Hanyoyin ruwa su yawaita, jini ya ƙaru a wurin, nono ya cika ya yi nauyi. Faiburo'adinoma yana jin kiran waɗannan sinadarai, shi ya sa wanda ya shekara biyu bai motsa ba sai a ga ya ƙara girma a cikin 'yan watanni, wani lokaci har da ciwo. Wannan ba alamar ya zama daji ba ne, kuma sau da yawa yakan ragu bayan yaye. Amma sai wadda aka auna nata tun kafin ciki, aka rubuta girmansa, ita ce hankalinta zai kwanta. Wadda ba a taɓa dubawa ba, daga ita har likita babu wanda ya san ko tsohon ƙari ne ya kumbura ko wani sabon abu ne ya tsiro.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, sankarar mama takan zo wa mace ɗaya cikin kimanin dubu 3 masu ciki. Ba ta da yawa, amma an fi gano ta a makare, saboda duk wani sauyi sai a jingina shi ga ciki ko ga goyo. Wata tara na ciki da wata goma sha takwas na shayarwa sun haura shekara biyu. Shekara biyu kuwa ta isa kullutun da za a iya cirewa cikin sauƙi ya zama gyambon da ya fashe.

Gwaji uku

Tsarin da likitoci ke bi a ko'ina hawa uku ne. Na farko, ma'aikacin lafiya ya duba da ido, ya taɓa da hannu, ya tambayi tarihi: yaushe aka fara ji, yana girma, akwai wadda ta yi irin ciwon a dangi, uwa ko 'yar'uwa ko goggo? Na biyu, hoto. Ga macen da ba ta kai 35 ko 40 ba, sikanin ake yi, irin na'urar da ake duba ciki da ita amma da kan da ya dace da nono, domin nonon ƙuruciya yana da kauri, hoton mamogiram ba ya ratsa shi sosai. Mamogiram ya fi amfani ga wadda ta haura 40. Na uku, in hoto ya nuna akwai buƙata, a yi allurar kashe zafi, a sa wata allura a ɗebo 'yar tsoka daga cikin kullutun, a kai ɗakin gwaji a duba ta a madubin likita. Wannan na ukun shi ne mai yanke magana.

A takardar hoto mace za ta ga an rubuta BI-RADS da lamba. Lamba 1 da 2 na nufin babu abin damuwa. Lamba 3 na nufin yiwuwar daji ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma a dawo bayan wata shida a sake hoto. Lamba 4 da 5 na nufin lallai a ɗebi tsoka. Macen da aka ba lamba 3 kuma take shirin ɗaukar ciki, gara ta faɗa wa likita ƙarara, domin yana iya zaɓar a ɗebi tsokar yanzu a huta, maimakon a jira wata shidan da ƙila zai same ta da ciki.

Ga mutumin Nariya, Kahu, Lausu ko Zurgu, matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, daga nan Babban Asibitin Rano. In abin ya kai ga gwajin tsoka, sai a kama hanyar da ta bi ta Bunkure zuwa birni, inda ake da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ke da sashen binciken tsoka. Abu ɗaya da ke rage wahala shi ne takarda: a karɓi takardar turawa daga asibitin farko, a adana kowane hoto da kowane sakamako a leda ɗaya, a tafi da su duk inda za a je.

"Daji ba ya son allura"

Kafin mace ta kai asibiti, yawanci ta biya ta wurare da dama. An yi tofi, an sha rubutu, an shafa sassaƙe. An je kemis an sayo ƙwayoyi. Wata an ce mata jifa ne, wata an ce iska. In wurin ya kumbura, a kira wanzami ya yi sakiya. A bayan duk wannan akwai wata magana da ta kafu a ƙasar Hausa: daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata ya bazu.

Maganar tana da inda ta samo asali. Mutane sun ga mata sun je asibiti, an yi musu aiki, ba a daɗe ba suka rasu. Abin da ba su gani ba shi ne cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi ko hanta tun kafin a taka ƙofar asibitin. Ba wuƙar likita ce ta yaɗa ta ba, jinkiri ne. Allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa sankara. Wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar na Afirka, aka wallafa a 2020, ya gano cewa cikin matan Najeriya da aka bi diddiginsu, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara uku bayan gano cutar, kuma zuwa a makare na cikin manyan dalilai. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, kusan 9 cikin 10 ke wuce shekara biyar.

Addu'a ba ta hana gwaji, gwaji ma bai hana addu'a ba. Abin da ke da hatsari shi ne tsaga kullutun da ba a san ko mene ne ba. Sannan akwai nau'in sankarar da ke zuwa da kamannin ciwon nonon mai jego, da kumburi da zafi. Duk ciwon nonon da aka sha magani na mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, a koma asibiti a nemi hoto.

Bayan sakamako

In gwaji ya tabbatar ƙari ne marar illa kuma ƙarami, yawanci ba a taɓa shi. Ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya cutar da ɗan tayi, ba ya lalata ruwan nono. Sai dai a rubuta girmansa, a nuna wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko, a riƙa dubawa.

In ya haura santimita 3, ko yana girma da sauri, ko yana ciwo, ko sakamakon tsoka ya bar kokwanto, likita kan ba da shawarar cirewa. Nan ne amfanin ɗan tsakanin nan yake fitowa. Ƙaramin aiki ne, sau da yawa a sallami mace a ranar, wurin ya warke cikin makonni. Yin sa ga mai ciki ko mai shayarwa ya fi wuya, saboda yawan jini a wurin da ruwan nono da kan hana rauni saurin haɗewa. Ya kamata mace ta gaya wa likitan tiyata cewa tana sa ran shayarwa nan gaba, domin ya zaɓi inda zai tsaga ba tare da ya yanke hanyoyin ruwa da ke taruwa a kan nono ba.

Ana iya buƙatar ɗan jinkirta ciki har a gama bincike. Ƙari marar illa ba ya hana amfani da ƙwaya, allura ko ashanar hannu ta tazarar haihuwa. Amma in an tabbatar sankara ce, duk hanyar da ke ɗauke da sinadari an hana ta. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ita ce ta dace. Haka nan macen da ke neman haihuwa, ta daɗe ba ta samu ba, kada ta fara magungunan sa ƙwai daga kemis alhali tana da kullutun da ba a bincika ba.

In ciki ya riga ya shiga

Ba a rufe ƙofa ba. Sikanin ba ya cutar da ciki ko kaɗan. Ana ɗibar tsoka ga mai ciki da mai shayarwa. Ko mamogiram ana yi in ya zama dole, a rufe cikin da garkuwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: kullutun da ya yi mako biyu bai ɓace ba a jikin mai ciki ko mai goyo, a bincike shi, kada a ce sai an haihu ko sai an yaye.

In sankara ce, mafi yawan lokaci ba sai an zubar da ciki ba. Ana yin tiyata da ciki. Maganin kemo ba a bayar da shi a wata ukun farko, lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi ke haɗuwa, amma daga wajen mako na 14 ana bayarwa, a dakata 'yan makonni kafin haihuwa. Gashi da na'ura, irin wanda ake zuwa yi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sai bayan an sauka. Ƙwayar tamoksifen ma haka, domin tana illata ɗan tayi. Mai shan kemo ko tamoksifen ba ta shayarwa.

Wadda ta gama magani fa, za ta sake haihuwa? Da yawa suna yi. Likitoci kan ce a jira kamar shekara biyu, domin a cikinsu cutar ta fi yawan dawowa. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2023 ya bi mata fiye da 500 da suka dakatar da maganin sinadari irin tamoksifen na ɗan lokaci don su haihu, bayan sun sha shi wata 18 zuwa 30. A shekara ukun farko cutar ba ta dawo musu fiye da waɗanda ba su dakatar ba. Wannan shawara ce da ake yankewa tare da likita, ba a ɗaka ba. Kuma nono ɗaya ya isa ya rayar da jariri.

Shayarwa kanta kariya ce. Wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara ɗaya ta shayarwa tana rage hatsarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100. Matan wannan yanki suna da wannan riba. Amma ragi ne, ba katanga ba. Uwar 'ya'ya takwas ma tana iya kamuwa.

Maigida, suruka da kuɗin mota

A ƙauyukan Rano da Kibiya, mace ba ita kaɗai ke yanke shawarar zuwa asibiti ba. Sai ta iya buɗe baki ta ce, "Malam, akwai abin da nake ji a jikina," kuma kunya kan sa maganar ta yi watanni a maƙoshi. Sai maigida ya yarda, ya ba da kuɗin mota. Sau da yawa sai Inna ta sa baki, ita kuwa tana iya cewa, "Mu da muka haifi goma, wa ya taɓa ɗaukar mu hoto?" Akwai kuma tsoron da ba a furtawa: in aka ce a dakata da haihuwa, ko aka yanke nono, kishiya na tafe. Ga amarya kuma, in shekara ta zagayo ba ciki, ido na kanta. Wace ce za ta ce a jira sakamakon gwaji?

Kuɗi ma yana da lokacinsa. Manomi sai kaka yake ganin kuɗi, in an sayar da masara, dawa ko shinkafa. Kullutun da aka ji a farkon damina yakan jira har a yi girbi. Gaskiyar da ya kamata magidanta su ji ita ce: hoto ɗaya da gwajin tsoka ɗaya ba su kai ko kusa da kuɗin jinyar cutar da ta yi nisa ba, wadda kan cinye gona da shanu. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, Gwamnatin Tarayya kuma tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a wasu manyan asibitoci, ciki har da na Shika. Ana tambayar yadda ake shiga a ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti.

Ƙofofin da suke a buɗe

Ba sai an jira gangamin watan Oktoba na wayar da kai kan sankarar mama ba. Akwai lokutan da mace ke zuwa asibiti da ƙafarta. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, na nau'in jini, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Dokar ba ta kullutu ba ce, amma ta kawo amare gaban ma'aikatan lafiya, kuma tambaya ɗaya ba ta cin minti biyu. Akwai zuwan farko na awo. Akwai ranakun rigakafin yara, da uwa ke zuwa da goyonta. Akwai ɗakin tazarar haihuwa. In a kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ma'aikaciya mace za ta duba nono, ta koya wa mace duba kanta 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, an rage rabin matsalar kunya. Ungozomomi, malaman Islamiyya mata da masu unguwanni su ne za su kai saƙon cikin gidaje: bayan yaye, in nono ya tsane, a lalube shi, in an ji wani abu, a je a duba kafin a nemi wani cikin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa ƙasashe mizani: daga ranar da mace ta kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a ba ta tabbataccen sakamako, kada a wuce kwana 60. Wannan shi ne abin da sashen lafiya na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya zai iya auna kansa da shi: a rubuta sunan duk wadda aka tura Kano, a bi sawunta a waya, a san ta je ko ba ta je ba, da abin da ya hana ta. Wata biyu ne kacal ake nema daga maigida da dangi. Cikin da aka jinkirta wata biyu bai ɓata ba, jaririn da za a haifa kuwa yana buƙatar uwar da za ta shayar da shi, ta yaye shi, ta kuma ga girmansa.